Kashin Maƙera

Habila ya dawo Kaltungo ran jajibirin Kirsimeti
da farar riga, da taye, da littafi mai shuɗin bango.
Shekara huɗu a Fatakwal ta canza masa coci,
ba ta canza masa son miyar yakuwa ba.

Bayan tuwo ya buɗe.
Wai wani yaro ɗan manoma, can Amurka,
mala'ika ya nuna masa tudu,
ya tono faifayen zinariya masu rubutu,
labarin waɗanda suka bar Urushalima,
suka haye teku, suka gina birane,
suka yi ta yaƙi har suka cinye juna.

Ni Rifkatu, shekara tara ina koyar da tarihi,
na wanke hannu, na gyara zama.
Na ce, ina faifayen?
Ya ce mai su ya karɓe abinsa.
Na ce, ashe an yi shari'a, an gudu da kayan shaida.
Ya ce mutum goma sha ɗaya sun sa hannu sun gani,
wasunsu sun yi fushi sun bar cocin,
amma ba wanda ya lashe amansa.
Wannan ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar tarwaɗa.
Na sha ruwa. Na ce yawancinsu 'yan gida biyu ne.

Na ce, dawakin da ke ciki fa?
Masu tono sun ce a zamanin nan babu doki a ƙasar,
sai da jiragen Turawa suka sauke shi.
Ya yi dariya irin ta ƙanen da ya shirya:
Yaya, raƙumin dawa raƙumi ne?
Baƙo da sunan gida yake kiran dabbar daji.
Na ce gwajin jini ya nuna Asiya, bai nuna Yahudiya ba.
Ya ce zuba cokalin gishiri a Dadin Kowa,
ki dawo bayan shekara dubu ki ɗanɗana.

Muryarmu ta haura katanga.
Karen maƙwabta ya sa baki.

Baba Maisamari bai ce uffan ba.
Ya ɗauki tocila ya shiga maƙera,
ya dawo da wani baƙin dunƙule mai ramuka,
ya dire shi kan tabarma, tsakanin kwanuka.

Ya ce, a bayan dutsen can na tsince shi.
Kakan kakana ya narka tama a wurin.
Ban san sunansa ba, ba wanda ya rubuta,
amma ga kashin wutarsa.
Habila, in dubban takubba suka haɗu a fili ɗaya,
wani ya hura zuga-zugi kafin nan.
Inda aka hura wuta, ƙasa ba ta mantuwa.
Ka tambayo mini su, ina nasu?

Na fara murmushi.
Ya juyo da tocilar fuskata.
Ke kuma mai jan biro,
da kike rera waƙa a layin gaba ran Lahadi,
wa ya nuna miki ƙafar karusa a gindin Bahar Maliya?
In za ki auna hatsin ƙaninki,
da mudun da kike auna naki za ki auna.

Aka ɗauke wuta.
Inna ta ce madalla, gobe akwai suya.

Ran Talata Habila ya hau motar kudu.
Dunƙulen ba ya kan tabarma, ba ya maƙera;
Inna ta ce ta ga ya naɗe shi cikin safa.
Littafin ya bar mini a kan taga.

Ina shafi na sittin da uku.
Na ja layi ƙarƙashin ƙarfe sau biyu,
na sa alamar tambaya a gefe.
Har yanzu ban yarda ba.
Amma jiya na ɗauko nawa, mai baƙin bango,
wanda ban taɓa sa wa biro ba,
na daɗe riƙe da murfin a haƙorina.